Tasharmu ta Kan Rufi a Ulaisha

A shekarar da aka soke zaɓe a gida ina Riyad, ina tuƙi a wajen wani Balarabe mai sarin kayan masarufi a kasuwar Utaiƙa. Shi ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, sunansa ne a jikin iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, fasfona kuma yana cikin durowarsa. Aikina shi ne in loda buhunan shinkafa da katan-katan na mai a bayan wanet, wato 'yar motar a-kori-kura, in bi shagunan unguwa ina saukewa. Kwana kuwa a Ulaisha nake yi, a wani tsohon bene da mu 'yan Najeriya muka cika: direbobi, magina, tela ɗaya, da wani Bazazzagi mai dafa abinci a gidan cin abinci kusa da kasuwar kayan gwari.

Hankalina ba ya jikina a lokacin. Ƙanena yana Legas, a Agege, yana fataucin goro, kuma tun da rikici ya tashi ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Gidanmu a Funtuwa ba waya. Sai in je kabina, wurin buga wayar kuɗi, in kira wani mai kemis a bakin titinmu, in ce a faɗa wa mahaifiyata zan sake kira. In na sake kira, ita ce take tambayata ko na ji labarinsa. Tana ganin tun da ina ƙasar waje, labarin duniya duka yana hannuna.

Abin da yake hannuna rediyo ce ƙarama mai gajeren zango. Tashoshin ƙetare suna yin shirin Hausa da hantsi a agogon Riyad, su sake yi bayan la'asar, kuma ta nan kaɗai muke sanin halin da ƙasa take ciki. Matsalar ita ce gidan namu. Siminti ne da rodi tun daga ƙasa har sama, kowane ɗaki da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, tana gurnani a taga, ga dogayen fitilu masu zuza. In ka kunna rediyo a ɗaki sai ka ji kamar ana soya abu a kasko. Murya za ta taso ta ce "a birnin Legas yau", sai ƙara ta haɗiye sauran. Na sha tsayawa a kan gado, hannuna ɗaya riƙe da eriya, ɗayan a jikin ƙarfen taga, wuyana a karkace, don in tsinci kalma biyu.

A kan rufi kuwa murya tana fita tas. Don haka muka riƙa hawa. Sai ka ga maza sun jeru a inuwar tankin ruwa, ƙasa tana ƙuna ta cikin silifa, kowa ya kasa kunne. Ba mu daɗe muna haka ba mai gidan ya zo ransa a ɓace. Maƙwabta sun kai ƙara cewa gwagware suna hawa rufi, daga can kuma ana hango tsakar gidajen masu iyali. A garin nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ya sa wa ƙofar rufin kwaɗo, ya ba mutum ɗaya mabuɗi, wanda yake duba masa famfon tanki.

Wannan mutumin shi muke kira Injiniya. Daga wajen Bauci yake, ya girme ni sosai, gyaran mukayyif yake yi wa wani kamfani ƙarami. Ba ya son hira mai tsawo. Ɗakinsa yana kallon nawa, kuma don ni nake rage masa hanya zuwa kasuwar Baɗaha ranar Alhamis, ya fi sakin jiki da ni. A cikin mota ya gaya mini cewa kafin ya zo nan shekaru ya yi yana aiki a wata 'yar tasha a kan dutse. Ba ta da ɗakin watsa shirye-shirye, ba ta da mai gabatarwa. Aikinta ta kamo muryar babbar tashar jiha, ta sake sakinta a wani zango don ƙauyukan da duwatsu suka tare.

"Tasha ce da ba ta da baki nata," in ji shi. "Abin da uwar ta faɗa shi take faɗa. Haka takardar izininta ta ce."

Wata Alhamis ya ce in tsaya a layin masu kayan lantarki. Ya shiga shago ya fito da 'yar leda. Ban tambaya ba. Bayan kwanaki ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan la'asar, ya ce in miƙo rediyona. Ya mayar da ita zangon FM, ya murɗa a hankali zuwa wani wuri da ba kowa. Sai ga muryar mai karanta labarai da Hausa, a fili, kamar yana zaune a gefen katifata. Mukayyif yana gurnani, fitila tana zuza, amma ko ƙyas.

Na dube shi. Ya ɗora yatsa a leɓe, ya yi mini nuni da sama.

Da ya kai ni na gani, abin bai kai yadda na zata ba. Ya ajiye babbar rediyonsa a cikin tsohuwar kular ƙanƙara a bayan tanki, ya ja mata doguwar waya a jikin katanga. Daga mafitar sautinta wata waya ta shiga gwangwanin madarar gari, inda ya liƙa 'yan ƙananan kaya da dalma. Daga gwangwanin wani ɗan ƙarfe mai tsawon hannu ya leƙo sama. Ya haɗa duka da agogon kashe wuta irin na mukayyif, yana kunna kansa lokacin shiri, ya kashe kansa in an gama.

Da yamma ya tara mutanen gida a ɗakin tela, ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce abin nan ƙarfinsa bai wuce katangar gidan da kaɗan ba, kuma haka zai zauna. Ba za a sa masa makirufo ba, ko sanarwar rasuwa ce. Ba za a kunna shi ba sai lokacin labarai. Ba kuma za a faɗa wa kowa a waje ba.

"A ƙasar nan," in ji shi, "ko tashar da ke da takarda tana da iyaka. Mu kuwa ko takardar ba mu da ita, ba kuma a ba irinmu."

Kowa ya ce ya ji. Kafin sati ya zagayo, Hausawan layin baya sun sani.

Ba zan ce samun labari ya kwantar mini da hankali ba. Da can haushin ƙarar rediyo nake ji, yanzu kuwa komai yana shiga kunnena daidai. An rufe hanyoyi, an ƙona motoci, mutane suna ɗaure kaya suna komawa garuruwansu a bayan manyan motoci, wasu sun yi haɗari a hanya. Duk inda aka ambaci unguwa a Legas sai in riƙa auna nisanta da Agege, ni da ban taɓa zuwa garin ba. In shiri ya ƙare, gwangwani ya kashe kansa, sai in rasa inda zan sa kaina. In fita ƙofar gida, in dawo, in wanke rigar da ba ta yi datti ba.

Shirin bayan la'asar yakan same ni a kan hanya. Na fara juya tsarin rabon kayana yadda shagunan Ulaisha za su zo a wannan lokaci. In faka a bakin layinmu, in kashe inji, in kunna rediyon mota, gumi yana bin bayana. Kafilina ya lura ina makara wajen dawowa. Ya ce, "Ya sadiƙ, abokina, hanya ce ta ƙara tsawo ko motar ce ta tsufa?" Na ce cunkoso ne. Ya dube ni ya ci gaba da danna kwamfutar lissafinsa.

Bazazzagi ne ya fara maganar a ƙara wa abin ƙarfi. Shi tun hantsi yana gaban tukunya a Utaiƙa har bayan isha, ba ya samun ko shiri ɗaya. Matarsa da 'ya'yansa suna Ibadan, a Sabo. Ya ce a kasuwar akwai 'yan'uwa da yawa, masu dako da masu gadi, kowa da nasa a kudu.

"Injiniya, don girman Allah," in ji shi. "Mu ma mutane ne. Ku kuna kwance a ɗaki kuna ji, mu sai dai a ba mu labarin labari, kowa da irin ƙarinsa. Jiya wani ya ce mini an ƙone Sabo ƙurmus. Na kasa riƙe ludayi."

"Ba a ƙone ba," in ji Injiniya.

"To da na ji da kunnena ai da ban zubar da miya ba."

Injiniya ya ƙi. Ya ƙi a wannan makon, ya ƙi a na gaba. Bazazzagi bai yi fushi ba, sai dai kullum in ya dawo aiki yakan tsaya a ƙofar ɗakin Injiniya da ragowar shinkafa a leda, ya ajiye, ya tambayi abin da aka faɗa yau. Injiniya yana ba shi labari kai a ƙasa. Da sojoji suka sake karɓar mulki wajen ƙarshen shekara, jita-jita ta cika kasuwa har wasu suka fara neman izinin tafiya gida. A ranar Injiniya ya ce mini gobe in biya da shi Baɗaha.

Ya ƙara wani gwangwani a bayan na farko, ya ɗaga eriyar a jikin bututun tanki. Ni aka ba aikin gwaji. Na tashi daga Ulaisha da rediyon mota a kunne, na nufi kudu, ina jiran inda murya za ta dushe. A ƙarƙashin gada ta yi rawa, ta dawo. A bayan dogayen gine-gine ta ɓace, da na fito fili ta sake bayyana. Har na isa bakin kasuwar kayan gwari tana nan, da ɗan shuu a ƙarƙashinta amma ana fahimta. Na sami Bazazzagi a bayan kicin ya ɗora 'yar rediyo a kan buhun albasa, mutum wajen goma sun kewaye ta. Bai ko gaishe ni ba, hannu kawai ya ɗaga mini kada in yi magana.

Da na koma na faɗa wa Injiniya har Utaiƙa ta kai, na zaci zai yi murna. Ya ce, "Har can?"

Abin da ba wanda ya lissafa a cikinmu shi ne rana. Shirin yamma da agogon Najeriya yake tafiya, ba ya motsi. Magariba kuwa a Riyad tana ta matsowa gaba yayin da sanyi yake shigowa. A watannin zafi akwai tazara mai yawa tsakanin ƙarshen shiri da kiran salla. Da hunturu ya kama, sai suka haɗu.

A ƙarshen layinmu akwai ƙaramin masallaci. Limaminsa tsoho ne, muryarsa ta yi rauni, yakan yi ɗan karatu a zaune bayan magariba. 'Ya'yansa suka sayo masa makirufo marar waya, irin mai arha da ke aiki a zangon FM, aka haɗa akwatinsa da lasifikar masallaci. Ba mu san da wannan ba.

Ran nan ina tsugune ina alwala a bakin famfo, ladan ya shiga ya kunna na'ura don kiran salla. Maimakon muryarsa, sai muryar mace ta fito daga saman hasumiya, da Hausa, tana cewa gwamnati ta gargaɗi ƙungiyoyin ƙwadago. Ta cika layin gaba ɗaya. Masu rufe shaguna suka tsaya da ƙofa a hannu. Wani Bayamane da ke alwala kusa da ni ya ɗaga kai, ruwa yana zuba daga gemunsa. Ba a fi numfashi uku ba ladan ya kashe, amma ni ji na yi kamar an karanta labaran duka.

Ƙafata ta so ta ruga gida. Sai dai lokacin salla ne, baƙar fata ya fita da gudu daga masallaci a daidai wannan lokaci, ai ya nuna kansa. Na tsaya na gama alwala. Ladan ya yi kiran salla da tsohon makirufo mai waya. Na shiga sahu, ban san surar da liman ya karanta ba.

Bayan an sallame, wani dattijo da ke gefena ya riƙe mini hannu bai saki ba. Na san fuskarsa. Ɗan ƙasa ne, baƙi, mai farin gemu, kullum da jan rawani irin nasu da sanda, gidansa yana kallon masallaci. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma da Larabci. Ya jira mutane suka ragu, sannan ya matso kusa da kunnena ya yi magana da wata irin Hausa mai nauyi, wadda kalmominta suke fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar yana ɗauko su daga ƙasan akwati.

"Yaro, wannan magana taku ce."

Na ce, "Baba, kana jin Hausa?"

"Kakata," in ji shi. "Da ƙafa suka zo." Ya koma Larabci don ya fi masa sauƙi. Ya ce ladan yana zaton yaren Indiya ne, amma ba za a daɗe ba wani zai gane. Ɗan liman yana aiki a ma'aikatar gwamnati, kuma ya riga ya ce zai kai magana. "Ban tambaye ka ko a ina yake ba. Ba na son in sani. Ku sauke shi."

Na sami Injiniya a ɗakinsa a tsaye, ya riga ya ji, don muryar ta shigo ta tagarsa. Ya hau ya zare wayar tun kafin a tada iƙama. Na gaya masa abin da dattijo ya ce. Ya ce shi ke nan, an gama.

Gidan ya koma yadda yake da, sai dai ya fi muni, don yanzu mun san bambanci. Muka koma tsayuwa a kan gado da eriya a hannu. Daga Utaiƙa aka riƙa aiko tambaya ko lafiya. Sai kuma aka sake jin raɗe-raɗin cewa an yi faɗa a wata kasuwa a Legas, wasu suka ce a Agege ne, wasu suka ce ba a nan ba. Na je kabina sau biyu a yini ɗaya, wayar mai kemis tana ta ƙara ba a ɗauka. Na bar katan ɗin mai a shagon da ba shi ya yi oda ba, sai da na koma na ɗauko.

Injiniya yana ganin duk wannan. Wata safiya ya ce mini ya yi tunani. Matsalar ita ce ya zauna kusa da zangon makirufon liman. In ya cire gwangwani na biyu, ya kuma matsa can ƙarshen zango, sama, inda allurar rediyo take tsayawa, ba wanda zai taka. Can ba kowa.

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Ban tabbata ba. Ba ni da na'urar aunawa. A gida muna da ita."

Ya sake haɗa abin a sabon zango, ya cire gwangwani na biyu da farko. Bazazzagi ya zo ya tsaya a ƙofarsa da leda, ya ajiye ya tafi. Bayan kwana biyu Injiniya ya mayar da gwangwanin.

Wata farar mota na fara gani da idona. Jif ce, a samanta akwai wani zagayayyen ƙarfe mai juyawa a hankali. Na gan ta a babban titi lokacin shirin hantsi, na gan ta washegari a bayan masallaci, inji a kunne, gilas a rufe. Na faɗa wa Injiniya da rana a wurin aikinsa. Ya ce da ya dawo zai sauke komai. Amma agogon ba ya jiran kowa, bayan la'asar ya kunna kansa kamar kullum, kuma kafin mu iso hukuma tana ƙofar gida.

Su uku ne: mai gidan, fuskarsa kamar zai fashe, da ɗan sanda ɗaya, da wani matashi Balarabe da farar riga, yana rataye da akwati mai allura. Injiniya ya fito da mabuɗi da kansa. Aka ce in biyo su don na fi shi Larabci.

Matashin ya tsuguna a gaban kular, ya buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana dubawa. Ya tambayi wanda ya haɗa. Injiniya ya ce shi ne, shi kaɗai. Ya tambaye shi inda ya koya, ya gaya masa maganar tashar kan dutse.

"To ka san ƙa'ida," in ji matashin. Bai ɗaga murya ba. "Mu ma muna da irin waɗannan ƙananan tashoshi a duwatsun kudu, na hukuma. Kowace an rubuta mata zangonta, da ƙarfinta, da tsawon eriyarta. Ko mu ba ma matsar da ita sai da izini. Mutum shi kaɗai kuwa ba a ba shi ko kaɗan, ɗan ƙasa ne ko baƙo."

Na fassara. Injiniya ya ce, "Na sani."

Matashin ya juyo da akwatinsa ya nuna masa allura. Ya ce ba maganar masallaci ce ta kawo su ba, wannan an ɗauke ta a matsayin lalacewar makirufo. Abin da ya kawo su shi ne, daga inda zangon FM ya ƙare na jiragen sama yake farawa, kuma gwangwani na biyu ba ya tsayawa inda aka ajiye shi, yana fantsama sama. Masu kula da sauka da tashi sun ji baƙon sauti yana shigo musu lokaci-lokaci, kullum a sa'o'i iri ɗaya.

Ban gama fassarawa ba na ga Injiniya ya dafa tanki. Ya zauna a ƙasa a kan simintin. Ya tambaya ko wani abu ya faru da wani jirgi. Matashin ya ce a'a, alhamdu lillahi, sauti ne mai rauni. Injiniya ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya daɗe a haka.

Suka kwashe kular da gwangwanayen da wayar jikin katanga, suka tafi da shi. Ɗan sandan ya ce abin da ake son sani shi ne me ake watsawa, da wa ya sa a watsa. Wannan tambayar ita ta fi ba ni tsoro, don a lokacin ba a daɗe da gama yaƙi a yankin ba, ba a wasa da maganar na'urar aika saƙo a hannun baƙo.

Na tafi gidan dattijo kai tsaye. Ya saurare ni a tsaye a zaure, ya shiga ciki ya sako alkyabba, ya ce in kai shi. A ofishin 'yan sanda an bar shi ya shiga, ni aka ce in jira a waje. Daga baya na ji cewa ya gaya musu yana jin yaren, ya ji abin da ake faɗa, labaran ƙasarsu ne daga tashoshin da kowa yake kamawa a rediyo, ba muryar kowa daga cikinmu a ciki. Ya ce mutumin nan shekaru yana salla a sahu ɗaya da shi. Aka ce an ji, amma sai kafilinsa ya zo.

Kafilin yana Jidda, sai da aka jira shi. A cikin kwanakin nan na jira na sake zuwa kabina, wannan karon mai kemis ya ɗauka, ya ce in riƙe. Na ji takun gudu, sai ga muryar ƙanena. Ya iso Funtuwa a bayan motar shanu, ya bar kayansa duka a can, ƙafarsa ta kumbura saboda tsayuwa, amma lafiyarsa ƙalau. Yana ta dariya yana ba ni labarin hanya. Na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga. Na fito daga kabinar na tsaya a bakin titi, na rasa wa zan fara faɗa wa, don mutumin da na fi so ya ji yana tsare.

An sake shi bayan ya sa hannu a ta'ahhudi, alkawarin ba zai sake ba. Ba a kai shi kotu ba. Kafilinsa dai ya ce ba zai sabunta masa iƙama ba, in ta ƙare ya tafi. Saura 'yan watanni a lokacin. Ya ci gaba da zuwa aiki, ya mayar wa mai gida mabuɗin rufi, ya daina zama a ɗakin tela. Bazazzagi ya zo ya ba shi haƙuri har da hawaye. Injiniya ya ce masa, "Hannuna ne ya liƙa, ba naka ba. Ya iyali?" Suna lafiya, su ma sun koma Zariya.

Ranar tafiyarsa na roƙi kafilina ya ba ni motar da safe. Muna loda akwati sai ga dattijo ya tsallako titi da sandarsa, wani kwali na dabino a ɗaya hannun. Ya ba Injiniya, ya yi masa addu'a, sannan ya tsaya yana juya sanda kamar mai jin nauyin magana. Ya ce yana da buƙata. Kakarsa takan ambaci garinsu, ta ce akwai marina a bakin kasuwa da wata rijiya da ba ta ƙafewa. Yana so in Injiniya ya isa ya tambaya masa ko garin yana nan.

"Mene ne sunan garin, Baba?" in ji Injiniya.

Dattijo ya runtse ido. Ya ce da Birnin ya fara. Sauran ya ɓace masa tun yana saurayi.

Injiniya ya ce in sha Allahu zai tambaya.

Hanyar filin jirgi doguwa ce, ta ratsa gari ta fita arewa cikin fili. Ba mu wuce unguwar Murabba ba Injiniya ya ce shi yana ganin Birnin Kudu ne, don mutanen gabas sun fi bin hanyar ƙafa. Na ce masu marina ai ko'ina akwai su, me zai hana Birnin Gwari ko Birnin Magaji. Ya ce Hausar dattijon ba ta yamma ba ce. Na ce kalma nawa ya faɗa da har za a gane. Ya kawo Birnin Kebbi ya janye, na tuna masa da na Ƙonni a Nijar, ya ce wannan ma zai yiwu. Muna wannan musu na wuce mashigar masu tafiya ƙasashen waje, sai da muka zagayo ta baya, shi yana duba agogo, ni ina neman inda zan juya.